Kundin Katunan Resilin da Ƙwallo: Inda Aikin Ya Kai a Bauchi

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Yau na sauko da akwatin ƙarfe daga kan durowa, na zazzage abin da ke ciki a kan tabarma. Akwai katunan cingam masu hoton 'yan ƙwallo, da 'yan sitikokin kamfanin Panini mai buga hotunan 'yan wasa, da fostocin 'yan resilin da aka naɗe aka ɗaure da kyauro, da bangon kaset-kaset na bidiyo, da tikitocin shiga filin wasa na Abubakar Tafawa Balewa. Wasu tun ina firamare a Kobi suke hannuna, wasu kuma na yayana ne, ya bar mini su da aiki ya mayar da shi Gombe.

Niyyata kafin shekara ta ƙare, in Allah ya yarda, kowace takarda ta samu ledarta da lambarta, sannan a rubuta bayaninta a littafi: mece ce, ta wace shekara ce, daga hannun wa ta fito, a wace unguwa. Kundin zai kasu uku. Na resilin, na ƙwallo, sai na gida, wato duk abin da ya shafi wasanninmu na nan Bauchi da Gombe.

Sana'ata bugun takarda ce, katin biki da kalanda da rasit, don haka takarda ba baƙuwata ba ce. Hunturu ya busar da fostocin har suna neman karyewa in an buɗe. Ban tilasta musu ba. Na shimfiɗa su a hankali tsakanin farin kwali, na ɗora rim biyu na takarda a kai.

Asabar, 25 ga Janairu

Fostocin sun miƙe. Babu ɗaya da aka rubuta shekara a jikinta, domin masu buga su a wancan lokaci kasuwa kawai suke nema. Amma tambarin kamfani yana tona asiri. Har zuwa watan Mayu na 2002 sunan babban kamfanin resilin na Amurka WWF ne. Wata ƙungiyar kare namun daji mai haruffa iri ɗaya ta kai su kotu a Ingila ta yi nasara, shi ya sa suka koma WWE. To duk fostar da ke ɗauke da harafin F a tambarinta, hotonta ya girmi wannan lokaci. Tambarin kansa iri-iri ne: mai kauri na zamanin Hulk Hogan, da mai kama da yagar farce na zamanin Stone Cold da The Rock, sannan mai santsi da suka fito da shi a 2014.

Fosta mai lamba 7 ita ta fi yi mini daɗin aiki. Undertaker ne a kan babur, da ɗankwali ɗaure a goshi da baƙin tabarau, babu doguwar baƙar riga babu faffaɗar hula. Da wannan shiga ya dawo a watan Mayu na 2000. A kusurwar hagu kuma ga tambarin WWF. Ke nan hoton ya faɗo tsakanin Mayun 2000 da Mayun 2002, ba ƙasa ba sama. A bayanta wani ya rubuta lissafin kuɗin gidan kallo da jan biro: manya nawa, yara nawa, man janareto nawa. Wannan rubutu ban taɓa shi ba, kuma ya shiga littafi tare da fostar.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Na je kasuwar Wunti wurin dattijon nan mai sayar da kalanda da taswirar makaranta. Tun muna yara a wurinsa muke tsayawa kallon hotuna bayan an tashi daga makaranta. Na gaishe shi, na ce, “Baba, ko akwai sauran tsofaffin fostocin 'yan resilin a ajiye?”

Ya ce, “Yaro, ai ka makara. Waɗanda suka yi kwantai duk masu tsire da masu ƙosai suka kwashe.” Ya ɗan yi shiru, sannan ya tura almajirinsa ya jawo wani buhu daga ƙarƙashin tebur. A cikin tarkacen kalandun shekarun baya muka tsinci fostoci masu kyau, har da wata ta Bret Hart da ruwan hodar tabaransa, da wata ta Yokozuna. Ya ƙi yi musu kuɗi. Sai da na matsa ya karɓi na goro.

Hirar da muka yi ta fi fostocin. Ya ce shi resilin ɗin da ya sani na talabijin mai baƙi da fari ne, lokacin da unguwa guda ke taruwa a ƙofar gidan da ke da akwatin. Ya ambaci Mighty Igor da Mil Mascaras mai rufe fuska, ɗan Meziko, ya kuma ambaci Power Mike. Wannan na ƙarshen namu ne, sunansa Michael Okpala, mutumin Anambra, wanda ya yi tashe a shekarun 1970, daga baya ya koma shirya wasanni yana kawo 'yan kokawar ƙasashen waje Najeriya. Ya rasu a 2004. A duk akwatina babu ko ƙyallen takarda mai hotonsa, alhali Hogan yana da shafi uku. Na buɗe wa Power Mike shafi na bar shi fari, na rubuta sunansa a sama.

Lahadi, 16 ga Maris

Azumi ya rage aikin, sai bayan asham nake ɗan zama. Ledoji sun iso daga Kano. Girman katin kamfani inci biyu da rabi ne a faɗi, uku da rabi a tsawo, kuma shafi ɗaya yana cin tara. Na zaɓi leda mara wari. Mai laushin nan mai warin roba, da zafin Afrilu ya bugo sai ta fara gumi, ta manne da tawada ta ɗauke hoton.

Duk wanda ya ga kundin sai ya ce in kai a yi laminatin. Ni da nake da injin a shago ba zan yi ba. Laminatin gam ne da zafi, in ya kama takarda ya kama ke nan har abada, bayan shekaru kuma gefen ya buɗe, danshi ya shiga ya rasa hanyar fita. Haka salatif: yau ya ɗinke yaga, gobe ya bar tabon ruwan ƙasa da ba ya goguwa. Abin da ya yage, a yagensa yake shiga leda.

Litinin, 21 ga Afrilu

Da asuba aka kammala WrestleMania ta 41, babban wasan shekara na WWE, a Las Vegas. John Cena ya doke Cody Rhodes ya ɗauki kambun duniya karo na 17, ya wuce 16 da ake ƙirga wa Ric Flair. Da hantsi yaran shago ba su da wata magana sai wannan, kuma kamar kullum gardama ta koma kan ko wasan gaske ne ko shiri. Na ce musu wanda zai yi nasara an san shi tun kafin a shiga fili, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. Amma faɗowa daga saman tsani ba ta da shiri, ƙashi kuma in ya karye ya karye. Abin da nake girmamawa ke nan, gwanintar mutum biyu da za su nuna ana neman hallaka juna alhali kowa yana tsare ran ɗan'uwansa.

A makon nan ɗan ƙanwar mahaifiyata da ke karatu a Ingila ya aiko mini da ambulan ta hannun wani mai dawowa. Katuna ne na asali, irin waɗanda na roƙa: Kofi Kingston, haifaffen Kumasi, wanda ya ɗauki kambun WWE a 2019, Apollo Crews, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, da Omos, dogon nan haifaffen Legas. Na Omos bugun Panini ne na 2022, shekarar da suka karɓi lasisin katunan WWE daga hannun kamfanin Topps. Bana lasisin ya sake komawa Topps. Wanda nake jira yanzu shi ne Oba Femi, shi ma ɗan Legas, da ya ɗauki kambun NXT, rukunin masu tasowa na WWE, a watan Janairun nan. Waɗannan na ware musu shafi guda, kusa da shafin Power Mike.

Asabar, 17 ga Mayu

Wani ya yi mini magana a Facebook, ya ce yana da katin Hulk Hogan na Topps na 1985, shekarar da aka yi WrestleMania ta farko. Kuɗin da ya sa ya kai kuɗin buhun shinkafa. Na ce ya ba direba ya kawo tasha, in na duba na gamsu in biya. Ya yarda.

A tashar na fito da gilashin da muke duba bugu da shi a shago. Babban injin bugu yana aiki da faranti huɗu, shuɗi da ja da rawaya da baƙi, kowanne da ɗigonsa a jere a kusurwarsa, in suka haɗu sai ka ga wasu 'yan zagaye masu tsari a fatar mutum da rigarsa. Baƙin rubutu kuwa farantinsa daban, don haka bakin harafi yakan fito a yanke, tas. A wannan katin harafin H na sunan Hogan gefensa ya yi burtsi-burtsi, cike da ɗigon launuka barkatai, alamar an ɗauki hoton kati ne an fitar a firinta. Na juya gefe, sai ga layin gam tsakanin takarda biyu da aka manna. Kwalin ma fari fat, ba na shekara arba'in ba ne. Na biya direba kuɗin mayarwa, na rubuta wa mai kayan abin da na gani ba tare da zagi ba. Mai yiwuwa shi ma sayar masa aka yi.

Da na dawo wani abokin aikina ya ce, to ai katunan cingam ɗinka ma ba na kamfani ba ne, me ya raba su da wannan? Abin da ya raba su babba ne. Katin cingam bai taɓa cewa shi wani abu ne ba. An buga shi da araha, launin ya zame har fuskar ɗan wasa ta zama biyu, an sayar wa yaro a kan kuɗin tara, yaron ya yi wasa da shi a ƙofar gida har kusurwoyinsa suka lanƙwashe. Shaida ce ta abin da ya faru a garin nan. Na tashar kuwa an yi shi ne don a ci kuɗin wani da sunan abin da ba shi ba. A Amurka akwai kamfanoni irin su PSA da ke duba kati su ba shi maki daga 1 zuwa 10, su rufe shi a roba, farashinsa ya bi makin. Da wannan ma'aunin katunana na cingam ba za su wuce matakin ƙasa ba. Ma'aunin ya dace da kasuwarsu, ban raina shi ba. Amma ba ya auna cewa wannan katin Maradona ya zaga hannun yaran layi guda a Jahun kafin ya zo gare ni, kuma ni wannan nake tarawa.

Asabar, 14 ga Yuni

Kafin babbar salla na ci karo da wani buhun kayan wasan yara na gwanjo a kasuwar Muda Lawal. A ciki akwai 'yan mutum-mutumin roba na 'yan resilin, biyu daga ciki da sunan Hasbro a jikinsu, irin waɗanda aka yi tsakanin 1990 da 1994. Masu tara irin waɗannan a waje suna nemansu ido rufe. Na tsaya na juya su a hannu, ban saya ba, don zuciyata ba ta kwanta ba.

Bayan salla na samu malaminmu bayan karatun magariba. Na ce, “Allah gafarta Malam, ina da tambaya a kan hotuna.” Na kwashe komai na faɗa masa. Ya ce mai jiki, wanda ke da inuwa, shi ne maganar ta fi tsanani a kansa, babba kamata ya nisance shi. Hoton takarda kuwa malamai sun yi saɓani, amma kada in rataya a bango, kada in ajiye mai nuna tsiraici, kada kuma ya cinye mini lokacin salla ko haƙƙin iyali. Na ɗauki wannan. Kundin a rufe yake zama a durowa, na kuma fitar da wasu fostoci da shigarsu ba ta dace ba.

Shi ne ma ya jawo hankalina kan sayen fakiti a rufe. Mutum ya zuba kuɗi bai san abin da ke ciki ba, yana fatan ya dace da mai tsada ya sayar, ya ce wannan ya yi kusa da caca. Tun da ma ba hanyata ba ce. Katin da na gani, na san shi, shi nake saye ko in yi musaya.

Juma'a, 25 ga Yuli

Jiya Hulk Hogan ya mutu a Florida yana da shekara 71. Tun dare wayata ke ƙara, masu tambaya ko zan sayar da fostocinsa. Ba na sayarwa.

Na buɗe shafukansa na daɗe ina kallo. Kaset ɗin WrestleMania ta uku, ta 1987, inda ya ɗaga André the Giant ya maka da ƙasa, shi ne kaset na farko da na ga gidan kallo ya tashi tsaye a kansa, shekaru bayan an yi wasan, don a lokacin kaset sai ya tsufa yake iso mana. Na rubuta wannan a littafi. A ƙasansa na rubuta cewa a 2015 WWE ta sallame shi saboda kalaman ƙasƙanci da aka ji ya yi a kan baƙar fata, sai 2018 suka dawo da shi. Mu da muka yi ta yi masa tafi baƙaƙe ne, kuma wannan maganar ta yi mini ciwo a lokacin, har yanzu ma. Yaron da zai gaji kundin nan ya kamata ya tarar da duka biyun a shafi ɗaya.

Asabar, 16 ga Agusta

Ruwa ya zauna. Ɗakin ya fara warin danshi, na kuma ga hanyar gara tana hawa bango ta bayan durowa. Na janye durowar daga bango, na ɗora ƙafafunta a kan bulo, na tono hanyar garar na sa magani. A cikin akwatin na zuba 'yan ƙullin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin takalmi da na magani; mai kemis na layinmu ya tara mini su. Ranar da rana ta fito nakan buɗe kundin a inuwar baranda ya sha iska. Ba a kai shi rana, jan launi ne ke fara gudu. Bangon kaset biyu sun yi fumfuna, na goge da busasshen burushi na ware su daban.

Lahadi, 21 ga Satumba

Na kwana biyu a Gombe wurin Yaya, kuma a nan kashin ƙwallo da na gida suka samu abin da suka daɗe suna jira.

Da na nuna masa kundin bai ce komai ba, sai ya shiga ɗaki ya fito da tsohuwar jakar takardunsa. Tsakanin takardar haihuwa da sakamakon jarrabawa ya zaro tikitin gasar matasa ta duniya ta 1999, wadda Najeriya ta karɓi baƙunci, Bauchi kuma tana cikin garuruwa takwas da aka buga wasa. Ya ce, “Ranar Japan ta buga. Kai kana gida zazzaɓi ya kwantar da kai.” Wannan tawagar ta Japan ita ta kai wasan ƙarshe a Legas, inda Sifen ta su Xavi ta ci ta 4 da nema. Na ce, “Yaya, ka ba ni aro in ɗauki hotonsa.” Ya ce, “Wane irin aro? Sa shi inda ba zai ɓata ba.” An yage kunnen tikitin a ƙofa, kuma akwai tabon mai a tsakiya.

A jakar akwai sitikar Panini ta Rashidi Yekini ta gasar cin kofin duniya ta 1994, ba a ɓare bayanta ba. Wannan ce zuwan Najeriya na farko, shi kuma ya ci mana ƙwallon farko a wasan da muka ci Bulgeriya 3 da nema. Kamfanin Panini na garin Modena ne a Italiya, tun 1970 yake fitar da kundin kofin duniya. Burina a wannan kashi ba cika kundi ba ne, wannan ya fi ƙarfin aljihuna. Ina son ɗan wasa ɗaya daga kowace gasar da muka je: 1994, 1998, 2002, 2010, 2014, 2018. Yanzu ina da Yekini, ina da Ahmed Musa na 2018, shekarar da ya zura wa Iceland biyu. Na 1998 Garba Lawal nake so in samu, ko Tijjani Babangida.

Da yamma Yaya ya kai ni Pantami wurin wani abokinsa da bai cika fashin kallon Gombe United ba. Ya ba ni tsofaffin tikiti da wata kalandar ƙungiyar, ni kuma na ba shi fostar Rey Mysterio don ɗansa. Shi ya tuna mini cewa in nemi wani abu na 1998, shekarar da Wikki Tourists, ƙungiyarmu ta Bauchi, ta ɗauki kofin ƙalubale. Tunda Wikki ta dawo babban rukuni bana, duk wasan gida da na shiga tikitin yana wucewa kundi, da sakamakon a rubuce a littafi.

Asabar, 11 ga Oktoba

Kashi na uku ya fi ba ni wahala, don abin da nake nema ba a taɓa buga shi ba. 'Yan kokawa da 'yan damben da suka cika fili bayan girbi a ƙauyukanmu ba su da kati, ba su da fosta. Sunan Shago ya kai ko'ina a ƙasar Hausa, amma ban taɓa riƙe takarda mai hotonsa da tarihinsa ba. Tunda injin yana hannuna, na yanke shawarar in buga da kaina.

Na fara da wani tsohon ɗan kokawa a wani ƙauye ta hanyar Dass, wanda kawuna ya haɗa mu. Na nemi izininsa da na 'ya'yansa kafin in ɗauki hoto. Ya ce sai ya sa warkinsa da layunsa, aka ɗauko su daga cikin tukunya, fatar ta bushe ta yi tauri. Na buga gwaji a kwali mai giram 300, girman katin kamfani daidai, hoto a gaba, a baya kuma garinsu, shekarun da ya yi yana kokawa, manyan filayen da ya shiga, da kirarinsa kamar yadda ya faɗa da bakinsa.

Yau na mayar masa. Jikansa ya karanta masa bayan katin, ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, “Ɗana, akwai gyara. Ka rubuta ba a taɓa kayar da ni ba. An kayar da ni sau ɗaya, wani Bazabarme ne, a gaban hakimi. Ka sa shi.” 'Ya'yan ne suka ba ni wancan bayanin, shi kuwa bai yarda a bar shi haka ba. Na gyara a wurin da biro.

Ya ba ni sunayen abokan karawarsa uku da ke raye, ɗaya a Liman Katagum, biyu ta wajen Alkaleri. Kowane kati zan buga kaɗan ne, rabi na mai hoton da iyalinsa, saura na kundi da masu musaya, ba na sayarwa ba. Kwalin gwajin ya ɗan yi laushi, zan ƙara kauri zuwa giram 350, rubutun baya kuma a ƙara masa girma saboda idon dattawa. Ranar kasuwar Alkaleri mai zuwa kawu zai raka ni wurin na farkon.